Ku Buɗe Shi Da Hannunku: Nasiha Ga Matasan Ikilisiya A Tambuwal Da Kebbe

Ƙannena maza da mata, ku da kuka taso a gidajen Kirista a Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji da Sanyinna da ƙauyukan da ke kewaye, da ku nake. Na san irin zaman da kuke yi. Ba ku da yawa. Wani ɗan malamin makaranta ne da aiki ya kawo, wata 'yar ɗan sanda ce ko ta ma'aikacin asibiti, wani iyayensa daga ƙasar Zuru suka zo neman gona, wani kuma daga kudu suka zo da kasuwanci, aka haife shi a nan, Sakkwatanci ya kama bakinsa har ba a iya rabe shi da 'yan gari. A aji, sau da yawa kai kaɗai ake bari zaune idan an kira salla. A Jos ko Kafanchan yaro yana iya yin shekara ashirin taro yana ɗauke da shi, yau taron matasa, gobe na mawaƙa, jibi babban taron farkawa, ba tare da ya taɓa tambayar kansa abin da ya gaskata ba. A nan ba ku da wannan gatan. Abin da ya shiga zuciyarku shi kaɗai za ku tsaya a kansa, kuma ban san wata hanya da zai shiga ba in ba ta karatun Littafi Mai Tsarki ba, ku da kanku, kullum.

Ku dubi maƙwabtanku. Gari bai gama wayewa ba za ku ji muryoyin yara a makarantar allo. Ɗan shekara biyar ya rungume allonsa, an rubuta masa da tawada, ya yi ta biyawa har ya haddace, ya wanke, a ƙara masa gaba. Haka zai yi ta yi shekara da shekaru kafin ya kai sauka. Ƙasar da kuke takawa ƙasar malamai ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai masu ɗimbin yawa, Tambuwal ɗin nan ma da sunan ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, ake ba da tarihinta. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato aka faro ta a 1986. Ina girmama wannan himma ƙwarai da gaske. Shi ya sa zuciyata ke ɓaci idan na ga saurayi mai baftisma, gemu ya fara fito masa, an ce a buɗe littafin Amos, yana ta juya takardu daga baya zuwa gaba yana satar kallon na kusa da shi. Abokin wasansa Musulmi ya san wace sura ke bin wace. Shi kuwa abin da ya sani game da littafinsa bai wuce abin da ya tsinta a wa'azin ranar Lahadi ba.

Littafin nan kuwa bai shigo harshenmu cikin sauƙi ba. Wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, wanda ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, shi ya fara juya sassansa zuwa Hausa. Da yawan Hausar da ya koya daga bakin wani yaro ya same ta, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami, daga baya ya bi Bature matafiyi Heinrich Barth har Ingila. Bayan su sai Dokta Walter Miller, wanda sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawan can don ya koyi harshen. A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Aliyu Babba ya sallame su. Ya zauna a Zariya, daga baya aikin ya koma Wusasa, shi da Hausawan da suka taya shi suna ta gwada kalma da kalma. Sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ku ƙirga da kanku: shekara casa'in da ɗaya tun daga tafiyar Schön. A ƙarshen shekarun 1970 aka fitar da sabuwar fassara mai sauƙin fahimta, wadda ita ce a hannun yawancinku, yau kuma ga shi har cikin waya, a rubuce da kuma a murya. Mutane sun tsufa a kan aikin nan, waɗansu sun mutu ba su ga ƙarshensa ba. Bai kamata ya ƙare a ƙarƙashin matashin kai ba, ko a saman akwati ƙura na hawansa daga Lahadi zuwa Lahadi.

Na san wata tsohuwa a zumuntar mata wadda ba ta taɓa shiga aji tana yarinya ba. Da girmanta ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, don kawai ta iya karanta Littafi da idonta. Nata a naɗe yake cikin tsohon ɗankwali, bangon ya rabu an ɗinke shi da zare, gefen takardun ya yi baƙi saboda yawan taɓawa. In za ta karanta sai ta ɗora yatsa ƙarƙashin layi, leɓenta na motsi, ta bi kalma ɗaya bayan ɗaya. Aya guda takan ɗauke ta lokacin da kai za ka gama sura. Amma ranar da aka yi mata rashin ɗa, mu da muka je yi mata gaisuwa ita ta ƙare da ba mu haƙuri, tana kawo mana labarin Ayuba da na Dawuda ranar da jaririnsa ya rasu, kamar mutanen gidansu take ba da labari. Ba a wannan makon ta tara abin da ta fitar ba. Shekaru ta yi tana zubawa kaɗan kaɗan.

Wani zai ce ai yana jin wa'azi, yana kuma da bidiyon masu wa'azi cike da wayarsa. Jin wa'azi abu ne mai kyau, kada ku bari. Sai dai wanda duk ruwan shansa daga hannun ɗan garuwa yake, ranar da ɗan garuwa bai zo ba da ƙishi zai kwana, ranar da ya kawo gurɓatacce kuma haka zai sha, don bai san inda aka ɗebo ba. A ƙauyukanmu akwai inda fasto ko fada sai ya haɗa ikilisiyoyi da dama yake zagayawa, akwai inda mai bishara ko katikis guda ne ke riƙe da kome. Waya kuma ta kawo muku masu wa'azi iri iri daga Legas da Fatakwal da ƙasashen waje, wani ya ce ka aiko da kuɗi ka shuka iri arziki ya zo, wani ya ce duk ciwon da ke jikinka wata gwaggonka ce ta jefe ka. Kowannensu da ayarsa a baki. Da me za ku auna su? A Ayyukan Manzanni sura 17 an yaba wa mutanen Biriya saboda ko manzo Bulus da ya yi musu wa'azi, sai da suka riƙa komawa Littattafai kowace rana suna dubawa ko haka abin yake. In an bincika maganar Bulus kuma aka yaba wa masu binciken, babu wani mai riƙe da makirufo a yau da ya fi ƙarfin a bincika tasa. Ku tuna kuma, a Matiyu sura 4, da Shaiɗan ya zo gwada Yesu a jeji, da ayar Zabura ya zo. Kawo aya ba shi ne shaidar gaskiya ba. Yesu ya mayar masa da amsa daga Maimaitawar Shari'a, domin ya san littafin gaba ɗayansa, ya san inda kowace magana ta dosa.

A nan ne nake so ku gyara yadda kuke karatu. Da yawanku kun saba da aya ɗaya ɗaya: wadda aka liƙa a bayan mota, wadda aka turo da safe a WhatsApp, wadda aka ba ku haddacewa a makarantar Lahadi. Lambobin nan na sura da aya da kuke gani, waɗanda suka rubuta littattafan ba su sa su ba. Surori, wani malamin Ingila mai suna Stephen Langton ne ya tsara su a ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. An yi su don sauƙin nema. Bulus wasiƙa ya rubuta wa Filibiyawa, aka tsaya gaban jama'a aka karanta ta daga gaisuwa har sallama. In babanka ya aiko maka da wasiƙa daga Yawuri, ba za ka karanta layi na bakwai kaɗai ka ninke ba. To, ku ɗauki littafi guda ku bi shi tun daga farko har ƙarshe. Bisharar Markus sura 16 ce kacal, mai karatu da murya zai gama ta cikin wajen awa biyu. Wanda ya taɓa yin haka a zama ɗaya zai ga abin da bai taɓa gani ba: yadda almajirai ke ta kasa ganewa, yadda Yesu ke ta haƙuri da su, yadda labarin ke sauri sauri har ya iso makon ƙarshe a Urushalima sai ya rage tafiya, kusan sulusin littafin ya tafi a kan waɗannan 'yan kwanaki. Gani ya kori ji. Dukan Littafin, a lissafin littattafai 66, sura 1,189 ne. Mai karanta uku ko huɗu a rana zai sauke cikin shekara. 'Yan'uwanmu Katolika nasu littattafai 73 ne, sai su ɗan ƙara kwanaki.

To, mene ne girman da ake nema? Ban ce ku zama masu cin gasar kacici-kacici a taron matasa ba, ko da yake ba laifi ba ne. Ana gane karatu ya shiga ne a kasuwa da gona da cikin gida. Ga yaro yana tsaron shagon ubangidansa, yana auna gero. Ya san dabarar da ake yi, a bubbuga gindin mudu ya shige ciki, ko a share kai da yatsa a rage tozo idan mai saye ya juya. Kowa na yi, ba wanda zai kama shi. Daren jiya kuwa ya karanta Amos sura 8, inda annabin ya fuskanci 'yan kasuwar da ke ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma rage ma'auni da sayar da ɓuntu a matsayin hatsi. Yau hannunsa ya kai kan mudu sai ya ji nauyi. Ya cika, ya yi tozo, ya juye wa matar a buhunta. Ba wanda ya gani, ba wanda ya tafa masa. Wannan shi ne girma cikin Ruhu, kuma ya fi mafarkai da wahayi da mutane ke yawan ba da shaida a kansu wuyar samu. Ga yarinya da aka kawo mata gulma mai daɗi a bakin famfo, ta tuna abin da wasiƙar Yakubu ta faɗa a sura 3 game da ɓarnar harshe, ta haɗiye. Ga saurayi da ya karanta littafin Rut, ya ga yadda Bo'aza ya umarci masu girbinsa su riƙa barin zangarniya da gangan don baƙuwa mai kala ta samu, da kaka ta zo sai shi ma ya hana a kori matan da ke bin gonarsu suna tsince. Littafin nan, in ka daɗe kana karanta shi, sai ka tarar shi ma yana karanta ka, yana taɓa inda ka ɓoye wa kowa. Agustin, mutumin Tagaste a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, malami ne mai kaifin basira da sha'awa ta ɗaure shi shekaru. A 386, a wani lambu a Milan, ya buɗe ƙarshen Romawa sura 13 ya karanta gargaɗi a kan maye da fasikanci da husuma, daga nan rayuwarsa ta juya, har ya zama bishop na Hippo. Kafin ranar ya daɗe yana karatu yana sauraro yana kokawa da kansa. Ayar ta sami ƙasa a jiƙe ne.

Akwai kuma ranakun tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ku da ke wajen Kebbe, kusa da iyakar Zamfara, kun san daren da ake kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga, masifar da ba ta tambayar addinin kowa. Ba kuma wanda ya manta da watan Mayu na 2022, da aka kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi a Sakkwato, kisan da Majalisar Sarkin Musulmi da kanta ta yi tir da shi. A irin waɗannan kwanaki zuciyar matashi takan cika da abu biyu, firgici da fushi, in kuwa bai sami inda zai zuba su ba sukan ruɓe su zama ƙiyayya. Zabura 150 aka ba mu, kuma kaso mai yawa a cikinsu kuka ne. A ta 13 Dawuda ya tambayi Allah har sau huɗu yaushe wahalarsa za ta ƙare. Ta 88 ma ta ƙare ba tare da ko kalmar ta'aziyya ɗaya ba, amma aka bar ta a cikin Littafi. Wanda ya saba da Zabura ya san an yarda ya kai wa Allah ɓacin ransa yadda yake, ba sai ya yi masa kwalliya ba. Ya zuba fushinsa a gaban Mai shari'ar gaskiya, ya tashi da safe ya gai da maƙwabcinsa da zuciya ɗaya.

Maganar maƙwabta kuwa, ina roƙonku da babbar murya: kada ku mai da Littafi makamin musu. Na ga samari da ke haddace ayoyi don kawai su kayar da wani a mahawara a Facebook ko a teburin mai shayi. Wannan karatu ba ya ƙara wa kowa tsoron Allah, girman kai yake ƙarawa. Ku karanta Irmiya sura 29. Wasiƙa ce zuwa ga Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, 'yan tsiraru a tsakiyar mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Annabin ya ce musu su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure, su nemi alherin garin su kuma yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa. Ku kuwa ba ma bayi aka kawo ku ba, garinku ne, a nan aka binne cibiyar da yawanku. Wasiƙar Bitrus ta fari ma ga warwatsattun masu bi aka rubuta ta, kuma a sura 3 ya ce a zauna da shirin ba da amsa ga mai tambaya, amma da tawali'u da ladabi. Abokanku sun san sunan Attaura da Zabura da Linjila, sun san Ibrahim da Yusufu da Musa da Maryamu. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai tambaye ka tsakani da Allah abin da littafinku ya ce game da Yusufu, ko me ya sa kuke kiran Yesu yadda kuke kiransa. Abin kunya ne ka yi shiru don ba ka sani ba, abin kunya ne kuma ka amsa da zagi. Josiah Idowu-Fearon, wanda ya zama bishop na Angilikan na farko a Sakkwato a 1990, ya yi zurfi a nazarin addinin Musulunci har ana kiransa ya koyar. Sanin nasa da kyau ne ya ba shi natsuwar zama da kowa a yi magana cikin mutunci.

Za ku ci karo da wurare masu wuya. Littafin Firistoci zai gajiyar da ku, yaƙe-yaƙen Joshuwa za su dame ku, Wahayin Yahaya zai rikita ku. Kada ku yi kamar kun gane, kada kuma ku rufe ku tafi. A Ayyukan Manzanni sura 8, babban ma'ajin sarauniyar Habasha, mutum mai muƙami, yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya da murya, da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, bai ji kunyar cewa yana bukatar mai yi masa jagora ba. Matambayi ba ya ɓata. Ku sayi ɗan littafin rubutu, ku riƙa rubuta abin da ya shige muku duhu, ranar da fasto ko fada ya zo ku tare shi da shi. Ku haɗu ku uku ko huɗu da yamma a zauren wani, ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara, a sake karantawa, sannan kowa ya faɗi abin da ya ji. Wanda yake makarantar sakandare ko kwaleji inda akwai ƙungiyar ɗalibai Kirista, ya shiga. Wanda Hausa ta fi zama masa a baki, ya karanta da Hausa, kada ya ɗauka Turanci ya fi tsarki. Mai jin harsuna biyu ya ajiye su gefe da gefe, zai ga wani abu ya fito fili.

Ƙannena mata, kada wani ya ce muku wannan aikin maza ne. A ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru, jagororinsu mata da ake kira jaji suna tafiya ƙauye ƙauye suna kai wa mata karatu, tun ƙarni na 19. A namu Littafin kuma, bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta faro, kuma Bulus ya shaida cewa tun yana ɗan yaro ya san Littattafai. Gobe ku ne za ku goyi 'ya'yan ikilisiyar nan. Abin da ba ku karanta ba, ba za ku iya faɗa musu a bakin murhu ba.

Na san akwai aiki. Da damina tun duhu ake fita gona, da rani ga ban ruwan albasa, ga makaranta, ga shago. Amma wanda ya sami lokacin duba waya kafin ya sauko daga gado ya sami lokacin sura ɗaya. Ku zaɓi lokaci guda ku riƙe shi, da asuba ya fi, lokacin da maƙwabta ma suka tashi ibadarsu gari yana shiru. Ku fara da gajeriyar addu'a, ku roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe muku fahimta. Ranar da kuka tsallake, kada ku ce shi ke nan an ɓata, ku ɗora daga inda kuka tsaya. Wanda ba shi da Littafi nasa na kansa ya faɗa wa dattawan ikilisiya, ku kuma dattawa kada ku bar yaron da aka yi wa baftisma ya koma gida hannu wofi. In akwai tsoho ko makaho ko wanda bai iya karatu ba a unguwarku, ku je ku karanta masa. Ku fara da Markus a wannan makon, sura ta fari, da murya, da Hausa. Allah ya ba ku ikon ɗorewa.